Kanwa a Tafin Hannu

Kailu ya ba shekara talatin baya, ga gemu, ga mata, ga 'yarsa Laraba, amma ko damin gero ɗaya bai isa ya fitar daga rumbu ba sai wansa Baƙo ya ce a fitar. Haka gandu yake. Da mahaifinsu ya rasu, Baƙo ya gaji gida da gona da rumbuna, ya gaji ƙannensa kuma har da ƙarfin damtsensu. Kwana biyar a mako Kailu na gonar gandu, kwana biyun da suka rage ya leƙa gayaunarsa, 'yar gonar da aka yanka masa can gefen tudu inda yashi ya fi ƙasa yawa. Ba wanda zai ce Baƙo mugu ne. Yana ciyarwa, yana tufatarwa da salla, in wani ya kwanta ciwo shi ke neman magani. Sai dai wanda ke ciyar da kai shi ke gaya maka ka ƙoshi, kuma wannan abu ya daɗe yana cin Kailu a rai.

Matarsa Delu ba ta kiransa maigida, don gida na da mai shi. Uban Laraba take ce masa. In kuwa tsokana ta motso mata, sai ta durƙusa da ƙwaryar fura ta ce ga ta maigidan gayauna, ya yi dariyar da ba ta wuce leɓe.

Ƙauyensu yana ƙasar Kurfai, tafiyar hantsi daga Filinge, kuma kowa a nan ya san ƙofar da ƙane ke bi ya fita daga gandu ba tare da faɗa ba. Ƙofar ita ce takarkari, wato sa wanda aka hora don ɗaukar kaya. In rani ya yi, mai takarkari ya gangara kudu cikin dogon kwarin nan da ake kira dallol ya ɗauro kanwa, ya haura da ita arewa wajen rijiyoyin Abala, inda Buzaye da Fulani ke nemanta don dabbobinsu, ya dawo da awaki da man shanu da fatu. Abin da mutum ya samo da rani a bayan dabbarsa nasa ne, gandu ba ya da hannu a ciki. Rani biyu ko uku sun isa ya gina rumbunsa, sannan ya je gaban wansa da ladabi ya ce yana so a raba tukunya.

To, ina ƙane zai sami sa? Kailu ya samu ne ta hanyar da bai zata ba. Akwai wani Bafulatani mai suna Tahiru da ke sauka da garkensa a gonarsu kowane rani. Wata shekara bakin rijiya ya rufta da maraƙarsa, mutane suka tsaya suna salati, Kailu ya ɗaura igiya a ƙugu ya shiga ya fito da ita da rai. Tahiru bai yi doguwar godiya ba. Bayan kwana uku ya jawo karsana ya ɗaure a ƙofar Kailu, ya ce habbanaye ce. Al'adarsu ce: saniya ta zauna wurinka har ta haihu sau uku, 'ya'yan naka ne, uwar ta koma wurin mai ita.

Haihuwar fari ta zo da namiji, ja, da ɗan fari a goshi, sai Kailu ya sa masa suna Goshi. Na biyu kura ta ɗauke shi tun bai yi wata ba. Saboda haka duk burin Kailu ya taru a kan Goshi, ya kuwa ba shi renon da ko ɗan sarki albarka. Kowace safiya, kafin a fita gona, ya zuba garin kanwa a tafin hannu, ya tsuguna, ya kaɗa harshe sau biyu, maraƙin ya taho ya lashe. Da haka ya saba masa da hannu, ya kai ga yana taɓa masa kunne da hanci da ƙafa bai motsa ba. Daga nan ya fara ɗora masa tsumma a baya, sai taikin fata ba komai ciki, sai taiki da yashi kaɗan. Delu ta ce in da ita ake lallashi haka, da tuni ta yi ƙiba. Mutanen ƙauye suka riƙa cewa san Kailu ya fi wasu 'ya'yan mutane jin magana, ba kuwa ƙarya suka yi ba.

Ana cikin haka Nasara suka zo. Suka kafa bariki a Filinge, suka mai da hanyar Tawa hanyarsu, ayari bayan ayari na akwatuna yana tahowa daga Yamai yana wucewa gabas. Akwati kuwa ba ya tafiya da ƙafarsa. Duk ayarin da zai tashi sai an bi ƙauyuka an tattara takarkarai da masu kora su. Wasu su dawo da ƙashin haƙarƙari a waje, da yawa ba sa dawowa.

Shekarar da Goshi ya cika uku, lokacin huda masa hanci ya yi, don sai da igiya a hanci sa ke zama takarkari. Kailu yana wasa basilla a gindin gawo sai Baƙo ya zo ya tsaya kansa.

"Kailu, ka bar hancin san ga yadda Allah ya yi shi. Nasara ba su ɗaukar bijimi, wanda anka huda su ka biɗa. Ka dakanta mu ga inda abin ga ya nuhwa."

"Yaya, in ya wuce bana ba shi horuwa kuma. Icce tun shina ɗanye a ka tanƙwara shi."

"Ni dai na hwaɗa maka."

Gaskiya Baƙo ya faɗa, Kailu ma gaskiya ya faɗa, abin haushin ke nan. In an jira, sa ya gagara, in an huda, ya shiga idon Nasara. Amma Kailu bai ji maganar a matsayin shawara ba. Abin da kunnensa ya jiyo masa shi ne, wa ba ya son rasa hannu ɗaya a gonar gandu. Kashegari da hantsi ya huda hancin Goshi ya zura igiya. San ya zubar da hawaye, ya girgiza kai, da yamma kuma ya zo ya lashi kanwa kamar ba a yi komai ba.

Bayan girbi suka yi tafiyarsu ta fari. Kailu ya gangara kudu, ya haura arewa, kwana arba'in ba wanda ya ce masa tashi ko zauna. Ya dawo da awaki biyu da zane baƙi na Delu. Ranar ta ce masa maigida, ba da tsokana ba, a hankali don kada a ji a tsakar gida. Shi kuwa har ya je ya auna da ƙafa inda rumbunsa zai zauna.

Da bazara ta kama, zafi ya kai inda ya kai, sai labari ya zo cewa babban ayari zai tashi, ana neman takarkari ko'ina. Kailu ya yi dabarar da yake gani ta fi ta kowa. Ya zare igiyar hancin Goshi, ya shafe masa baya da taɓo inda akumari ya cinye gashi, ya kai shi garken Tahiru da ke shan ruwa a wata rijiya cikin daji. Sa ɗaya ja cikin shanu hamsin jajaye, wa zai gane shi?

Da sojan Nasara kaɗai aka aiko, da dabarar ta ci, don su ba su san sa da saniya ba sai a tukunya. Amma tare da su akwai Ɗanladi, wani tsohon falke ɗan ƙasar, wanda ya yi shekara ashirin yana bin takarkarai kafin ya koma yi wa Nasara jagora. Suka iso rijiyar rana tsaka, shi da soja biyu masu jajayen huluna. Shanun suka ji warin baƙi suka watse, suka tsaya nesa suna huci. Kailu yana bakin kwamin da shanu ke shan ruwa, da guga a hannu, wai shi mai ban ruwa ne.

Ɗanladi bai kori ko ɗaya ba, bai ma tambayi Tahiru komai ba. Ya sauka daga doki, ya sa hannu a aljihu ya ɗebo garin kanwa, ya tsuguna, ya miƙa tafin hannu, ya kaɗa harshe sau biyu.

Shanu arba'in da tara ba su kula shi ba. Goshi ya ɗaga kai. Kailu ya karanta duk abin da ya sani a zuci, ya roƙi Allah ya sa wa san nan tsoro ko na rana ɗaya. Ina. Goshi ya ratso garke a natse, yana kaɗa wutsiya, ya zo ya sa baki a hannun baƙo, don a duk rayuwarsa hannun mutum bai taɓa zuwa masa da sharri ba. Ɗanladi ya bar shi ya lashe tas, sannan ya zura yatsa a hancinsa, yatsa ya fita ta ɗaya gefen.

"Wa ad da shi?"

Kailu ya ajiye guga ya ce nasa ne. Ya so ya zagi mutumin nan, ya tuna masa cewa ɗan ƙasa ne, amma da ya matso sai ya ga ba murna a fuskarsa. Ɗanladi ya rage murya yadda sojan ba za su ji ba.

"Ka yi mashi horo mai kyau, ɗana. Nawa shanun huɗu na, kuma haka anka kama su. In kana son shi, bi shi. Ba wanda za shi tausaya mashi in ba kai ba."

Da ma an ce kowane gida ya ba da mutum ɗaya, sai Kailu ya ce shi za shi. Baƙo ya raka shi har bakin gari. Delu ta ɗaura masa ƙullin gari da 'yar kanwa a tsumma.

Akumarin Goshi don taiki aka yi shi, kaya mai laushi da ke kwanciya a jikin dabba. Akwatunan Nasara kuwa katako ne da ƙarfe a kusurwa, biyu-biyu ake ɗaurawa, kowane taku sai kusurwar ta ci nama. Kwana uku baya ya sale. Kwana biyar ya zama miki, ƙudaje suka samu wurin zama. Kailu ya tuɓe rigarsa ya ninka ya sa ƙarƙashin akwati, ya ci gaba da tafiya rana na dukan bayansa. Rijiyoyin hanyar nan nesa suke da juna, in an isa kuma dawakin soja ne farko, sai soja, sai masu kora, abin da ya rage na laka shi ne rabon shanu. Kailu yakan rage nasa ruwan ya ba Goshi a ƙwarya, amma me ƙwarya za ta yi wa sa?

Rana ta bakwai Goshi ya durƙusa. Wani soja ya zo da gindin bindiga, Kailu ya shiga tsakani, ya yi ta nuni da hannu har aka gane abin da yake nufi. Aka kwance akwati ɗaya aka ɗora masa a ka. Mutumin da ya yi shekara huɗu yana renon sa don ya huta da ɗaukar kaya, ga shi yana ɗaukar wa san kaya. Sauran masu kora ba wanda ya yi dariya, kowa na fama da nasa.

Rana ta tara da azahar, a wani fili da ko inuwar ƙaya babu, Goshi ya kwanta. Aka buga, aka ja wutsiya, aka murɗa igiyar hanci har jini ya fito, bai tashi ba. Kailu ya sauke akwatinsa, ya kwance tsumman Delu, ya zuba sauran kanwar a hannu, ya tsuguna ya kaɗa harshe. Goshi ya ji. Ya miƙo wuya, ya yunƙura da ƙafafun gaba don ya amsa kira, ƙafafun suka ƙi. Harshensa ya taɓa hannun sau ɗaya, busasshe kamar fatar da aka shanya.

Babban sojan ya ce a yanka kafin ya mutu a yi asarar nama. Aka miƙa wa Kailu wuƙa, wai mai abu shi ya fi cancanta. Ya juya kan Goshi gabas, ya yi bisimilla, san bai ko motsa ba, don hannun da ya sani ne. Da yamma aka gasa, aka ba kowa tsoka. Kailu ya rantse a ransa ba zai ci ba. Amma kwana biyu rabonsa da abin kirki, ga akwati na jiransa, ga Tawa saura kwana uku. Ya ci. Wannan cin ya fi yankan yi masa ciwo, kuma bai taɓa ba kowa labarinsa ba, ko Delu.

A Tawa ba a sallame su ba. Aka ce bariki na bukatar hannu, suka yi kwana ashirin suna kwaɓa ƙasa. Suna nan ruwan fari ya sauka. Kailu ya tsaya da laka har gwiwa yana shaƙar ƙamshin ƙasa, ya san a gida kowa ya fita shuka, gayaunarsa kuwa tana can tana jiran mai ita. An ce Nasara sun ba da wani abu domin shanun da suka mutu, an miƙa ta hannun manya. Ko an bayar ko ba a bayar ba, bai iso hannun Kailu ba, kuma babu ƙofar da zai je ya tambaya.

Ya dawo gida geron gandu ya kai gwiwa. Abin da ya shigo da shi igiyar hancin Goshi ce kawai, naɗe a wuyan hannu. Delu ta shuka rabin gayaunar ita kaɗai, ciyawa ta cinye rabin rabin. Awakin nan biyu sun tafi, an zo neman naman bariki, gida kuma sai ya ba da abin da ke ɗaure. Kailu ya jira Baƙo ya ce ai na faɗa maka, don ya sami abin da zai yi fushi da shi. Baƙo bai ce ba. Ya sa aka dama masa fura mai kauri, ya zauna kusa da shi har ya shanye, ya yi masa barka da dawowa, sannan ya ce gobe gonar gabas za a nome. Da zagi ya yi da ya fi sauƙi.

Abu ɗaya ya rage. Saniyar habbanaye ta haihu yana can, haihuwa ta uku, ta ƙarshe. Namiji ne kuma, ja. Tahiru ya aiko da gaisuwa, ya ce in an yaye zai zo ya ɗauki uwar, kuma a yi masa aikin gafara, garkensa ya ragu, ba shi da wata karsanar da zai bayar.

Da gari ya waye Delu ta same shi zaune a ƙofar ɗaki. Ta kama hannunsa ta buɗe, ta zuba masa garin kanwar da ta ɓoye tun tafiyarsa.

"Tashi ka soma, uban Laraba. Shekara ukku kamar gobe ta."

Don ta faranta masa ta yi, ya kuwa sani. Ya tashi ya nufi turke. Maraƙin yana tsaye kusa da uwarsa, ƙafafu dogaye, kunnuwa a miƙe. Kailu ya tsuguna. Bai ma kaɗa harshe ba, ɗan abin ya jiyo ƙamshi ya taho da kansa, yana tafe yana tsayawa, har numfashinsa mai ɗumi ya taɓa yatsun Kailu.

A tsugunen nan Kailu ya ga shekara ukun da Delu ke faɗa, ya ga ƙarshensu. A hanyarsa ta dawowa ya wuce Filinge, ya ga barikin da ya bari na zana ya zama na ƙasa, da katanga. Wanda ya gina katanga ba gobe zai tashi ba. In ya hori maraƙin nan, wata rana wani zai tsuguna a bakin rijiya da kanwa a hannu. In ya bar shi ya gagara, ya zama bijimin da ba ya ɗaukar ko tsinke, ba zai kai kowa dallol ba, ba zai gina wa kowa rumbu ba. Amma dai zai mutu a gida. Ya duba ta ko'ina bai ga hanya ta uku ba.

Ya dunƙule hannun. Ya warware igiyar Goshi daga wuyan hannunsa, ya tsula wa maraƙin a hanci. Maraƙin ya yi tsalle baya, ya tsaya yana kallonsa, bai gane ba. Can ƙamshin ya sake jawo shi, Kailu ya sake tsula masa, da ƙarfi wannan karon. Sau huɗu ana haka. A na biyar maraƙin ya ɓuya bayan uwarsa yana rawar jiki, da Kailu ya ɗaga hannu kawai sai ya zabura har igiyarsa ta shaƙe shi.

Delu ta zo da gudu ta riƙe masa hannu.

"Mi yay yi maka?"

"Ba abin da yay yi. Gara shi ji tsoron mutane tun yanzu."

Ta dubi fuskarsa ta ga hawaye har cikin gemu, sai ta sake shi.

Daga ƙofar gida Baƙo ya yi kira, ya ce rana na yi. Kailu ya buɗe hannu ya kakkaɓe kanwar a ƙasa, ya goge tafin a cinyarsa. Ya rataye igiyar a jikin danga, ya ɗauki hauya, ya bi bayan wansa zuwa gonar gabas.